Tukunyar Ladi Kwali da Tsintsiyar Kasuwa

Duk wanda ya ke da ɗa ko ƙane a makarantar firamare ya san abin da ke faruwa a makarantu da yawa in ƙarshen zangon karatu ya gabato. Ana sauran 'yan kwanaki a fara jarrabawa sai malami ya shiga aji ya ce gobe kowa ya zo da aikin hannunsa. Yaro ya koma gida ya tasa uwarsa a gaba da kuka, ita kuwa don ta samu lafiya sai ta kwance bakin zane ta ba shi kuɗi, ya sheƙa kasuwa ya sayo tsintsiya, ko mafici, ko faifai, ko ludayi. Washegari a jera kayan gaban malam, shi kuma ya ɗauki alƙalami ya ba wannan maki 70, wancan 85, gwargwadon kaurin tsintsiyar kowa. A waɗansu makarantun ma an hutar da kowa zuwa kasuwa, an ce a zo da kuɗin kawai, ko sandar sabulu, a rubuta wa yaro ya ci darasin aikin hannu.

Na san akwai masu cewa wannan ai ƙaramin abu ne, bai kai a ɓata masa filin jarida ba, ga manyan matsaloli sun yi wa ilmi katutu a ƙasar nan. To, ni dai a ganina ba ƙarami ba ne. A duba abin da yaron nan ya koya a ranar. Ya ɗauko gumin wata tsohuwa da ke zaune a bakin kasuwa ya ce nasa ne. Malam ya san ba nasa ba ne, yaron ya san malam ya sani, uwa ta sani, hedimasta ya sani, amma duk da haka aka rubuta maki a takardar sakamako, uba ya sa hannu, aka ce madalla. Wannan shi ne karo na farko da hukuma ta saka wa yaro da yabo a kan ƙarya, yana ɗan shekara 7 ko 8. Sa'an nan bayan shekara goma mu riƙe baki muna mamakin yadda a ke sayen amsar jarrabawa, bayan shekara ashirin kuma mu yi ta salati don ɗan kwangila ya karɓi kuɗin rijiyar da bai haƙa ba.

In mai karatu yana da takardar Naira 20 a aljihu, ko da ya ke yanzu da ƙyar ta ke sayen alewa, ina roƙonsa ya fito da ita. A gaba ga marigayi Janar Murtala Muhammed. A juya bayanta, za a ga wata mace zaune tana ginin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, tun shekarar 2007 hotonta ke kan wannan takarda, kuma ita kaɗai ce macen da aka san sunanta a kan kuɗin Nijeriya. Labarinta na ke so mu duba a wannan mako, domin a cikinsa akwai amsar tambayar da ya kamata kowane malamin aikin hannu ya yi wa kansa: don me a ke yin abu da hannu, kuma don me a ke koya wa yaro?

An haifi Ladi a wajejen 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, waɗanda mu Hausawa mu ke kira Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce tun kaka da kakanni. Ba ta shiga makarantar boko ba. A wurin gwaggonta ta koyi sana'a tun tana yarinya, kamar yadda 'yan matan wannan yanki su ke koya. Yarinya ba ta fara da gina randa. Da ɗaukar yumɓu ta ke farawa, da tsince tsakuwa, da daka, da kwaɓi, tana yi tana kallon hannun manya, har ranar da za a miƙo mata curi a ce ta gwada 'yar ƙaramar tukunya. Su ba su da keken juya yumɓu. Maginiya ta kan murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, ta riƙa ɗora shi zagaye bisa zagaye tana matsewa da yatsu, tukunya na tsaye wuri ɗaya ita ce ke zagaya ta, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har ciki ya buɗe, wuya ya tsuke, baki ya fito daidai kamar an auna da ma'auni. In ta sha iska sai a yi mata ado, a zana da tsinke ko wuƙa, a gangara guntun igiya ko ɗan icce mai sassaƙa a jikinta ya bar sawu. Ladi ta yi suna wajen zana ƙadangare, da kada, da kunama, da hawainiya, da kifi, da tsuntsu, kowanne a cikin gidansa na layuka. Daga nan a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta.

A wurin wutar nan ne jarrabawa ta ke. In yarinya ta yi ha'inci a kwaɓi ta bar tsakuwa ko iska a cikin yumɓu, tukunya ta fashe a wuta kowa yana ji. In ta yi gaggawa ba ta bari ta bushe ba, ta tsage. In gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ta karkace. In kuwa ta tsira daga wuta, akwai matar da za ta saya a kasuwa, wadda za ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta saurari amonta kafin ta ciro kuɗi. Gwaggo ba ta bukatar yi wa yarinya dogon wa'azi a kan gaskiya da haƙuri, wuta da kasuwa sun ɗauke mata wannan aiki. Kuma gwaggon Ladi, sa'ad da ta ke koya mata, ba London ta ke hange ba, ba kuwa takardar kuɗi ba. Burinta 'yar ɗan'uwanta ta gina tulun da ba ya yoyo, wanda mace za ta ɗauka a kafaɗa daga rafi ba tare da ya karya ta ba, kuma in an ajiye shi a tsakar gida ido ya so kallonsa. Amfani da kyau tare a ke koyar da su, ba a raba su aji biyu ba.

A zamanin nan garin da mu ke kira Suleja yau shi ne Abuja, sai bayan da aka tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976 aka ɗauki sunan aka ba birnin. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, kuma ya yi aikin malanta kafin ya hau gado. Mutum ne mai ido. Ya ga tukwanen Ladi ya saye su ya ajiye a fadarsa, ba don ya rasa abin zuba ruwa ba. A nan ne wani Bature, Mista Michael Cardew, ya gan su a 1950. Shi wannan Cardew gwanin ginin tangaran ne a Ingila, ya yi aiki a ƙasar Gana tun tana Gwalkwas, sa'an nan gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi jami'in kula da ginin tukwane a Nijeriya. Bayan ya zaga Jihar Arewa yana duba yumɓu da ruwa da itacen wuta, sai ya zaɓi Abuja ya kafa makarantar koyar da ginin tangaran a farkon shekarun 1950. Samari maza aka fara ɗauka. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko, kuma ta shiga ne tana gwanar da ta riga ta yi suna a ƙasarta.

A wurin Cardew ta koyi juya yumɓu a kan keke, ta koyi yin kwanuka da kofuna da butocin shayi, da shafa musu ruwan ƙyalli irin na tangaran, da gasa su a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200, wanda wutar ciyawa ba ta kusantarsa. Amma ba ta yar da abin da gwaggonta ta koya mata ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, tana zagaya su kamar yadda ta saba, tana zana musu ƙadangarunta, sai dai yanzu da yumɓun tangaran, a shafe su da ruwan ƙyalli a sa a tanderu. A nan dole a yaba wa Cardew, domin malamai da yawa in sun samu ɗalibi, abin da su ke fara yi shi ne share duk abin da ya zo da shi daga gida, kamar yadda a ke wanke allo. Shi ya gane cewa matar nan ta fi shi sanin tulu, ya ƙara mata abin da ba ta da shi, ya bar mata nata. Waɗannan tuluna ne aka kai London aka nuna a 1958, da 1959, da 1962, Turawa suka yi ta rububinsu.

Amma akwai wani abu a cikin labarin nan da masu yabo ba su cika faɗa ba, ni kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. Kowa ya san dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi. Jikin randa yana da 'yan ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, tana tafiya da zafin. To, tulun da aka shafa wa ruwan ƙyalli aka gasa a tanderu ya toshe ruf, ba ya tsattsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Ga shi da nauyi, ba mai ɗaukarsa zuwa rafi. Ga tsada, matar ƙauye ba ta iya sayensa. Watau tulun Ladi ya ƙara kyau da ƙarko, amma ya bar tsakar gida ya koma falon masu kuɗi da gidajen ajiye kayan tarihi. Haka ma makarantar kanta. An kafa ta da niyyar yi wa 'yan Nijeriya kwanuka da kofuna don a rage sayen na waje, amma yawancin masu sayen kayanta Turawa ne da baƙi, mu kuwa muka ci gaba da sayen kwanon samira da tangaran na kanti, daga baya roba ta zo ta cinye kasuwar duka.

Ba ina faɗin haka don in rage darajar kowa ba. Da Ladi ba ta shiga makarantar nan ba, da wuya in da ni da kai mun san sunanta, kamar yadda ba mu san sunan gwaggon da ta koya mata ba, da dubban mata irinta waɗanda tukwanensu suka yi aiki suka fashe aka zubar a juji. Abin da na ke so a lura da shi shi ne niyyar mai yin abu tana sauya abin da ya ke yi. Yumɓu ɗaya, hannu ɗaya, ƙadangare ɗaya, amma tulun da aka gina don a sha ruwa da wanda aka gina don a kalla sun zama abu biyu. Dukansu halal ne, dukansu suna da wurinsu. Sai dai wajibi ne mai yi ya san wanne ya ke yi, mai koyarwa kuma ya san wanne ya ke koyarwa. Malamin da ya karɓi tsintsiyar kasuwa ba ya koyar da ko ɗaya daga ciki.

Duniya ta girmama Ladi Kwali tun tana da rai. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE. Ta zaga Turai tana nuna yadda a ke gini, a 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew, ɗalibai da malaman jami'a suna zaune suna kallon Bagwariya tana zagaya tukunya. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, matar da ba ta taɓa zama a benci ba. A 1980 ta samu lambar yabo ta ƙasa da a ke ba waɗanda suka yi fice a fagen ilmi da fasaha, a 1981 aka ƙara mata OON. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. An sa wa makarantar Suleja sunanta, akwai kuma titi mai sunanta a birnin Abuja. Amma ni abin da na fi ƙirgawa a cikin gadonta shi ne ƙofar da ta buɗe, domin bayan shigarta waɗansu mata magina sun biyo sawunta zuwa makarantar, suka zauna kusa da ita suka yi aiki. Cardew ya bar Abuja a 1965, ita kuwa ta zauna, duk wanda ya zo koyo ya same ta hannu dumu-dumu cikin yumɓu.

Wannan tambaya ta manufar malami ba yau aka fara ta a ƙasar nan ba. Mutumin da ya fara shigar da darasin zane a makarantun boko na Nijeriya shi ne Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode, wanda aka haifa a 1882. Shi ya koya wa kansa zane ta hanyar kwaikwayon hotunan littattafai da jaridun Turawa, a zamanin da a ke cewa baƙar fata ba ya iya irin wannan aiki. A 1920 ya tafi Ingila da Faransa ya ƙaro ilmi, ya dawo yana yawo makaranta zuwa makaranta a Ikko yana koyarwa. Burinsa ya ƙaryata masu raina mu, saboda haka ya dage yaro ya iya auna nesa da kusa, da haske da inuwa, daidai da kowane Bature. Da aiki ya yi masa yawa ya matsa wa gwamnati ta kawo ƙarin malami, aka kawo Mista Kenneth Murray a 1927. Abin mamaki, sai Baturen ya zo da akasin ra'ayin ɗan ƙasa. Shi cewa ya ke yi yara su bar kwaikwayon Turawa, su zana abin da su ke gani a garinsu, masu hawan giginya da kwakwa, da mata a kasuwa, da masunta. A 1937 ya kai aikin ɗalibansa 5 London aka nuna, cikinsu har da Ben Enwonwu, wanda a 2018, shekara 24 bayan rasuwarsa, aka sayar da wani zanensa mai suna Tutu a London kan fam miliyan 1 da dubu 200 da 'yan kai. Har yau masana suna gardamar wa ya fi gaskiya tsakanin Onabolu da Murray. Ni dai abin da na gani, kowannensu in ka tashe shi daga barci ka tambaye shi me ya ke so yaro ya zama, zai ba ka amsa nan take.

Ba sai mun je Ikko neman misali ba ma. A makarantar allo da yawancinmu muka yi, akwai darasin fasaha tsaf, ko da ya ke ba a kiransa da wannan suna. Yaro ya kan koyi fiƙe alƙalami, da haɗa tawada da gawayi da ƙaro, da wanke allo da goge shi har ya yi santsi. Da fari malam ke rubuta masa, sa'an nan ya bi sawun rubutun malam, sa'an nan a sake shi ya rubuta da kansa. In layi ya karkace ko harafi ya yi ƙiba, a ce ya wanke ya sake. In ya girma ya ga yadda alarammomi ke rubuta Alƙur'ani da ka, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, ba kuskure, ba gogewa. Ranar sauka kuwa a yi masa allon zayyana mai launi iri-iri, ya zaga da shi gidajen dangi. Ba wanda ya taɓa jin an ce almajiri ya je kasuwa ya sayo rubutaccen allo ya kawo wa malam a biya masa.

Wannan kuma shi ne amsata ga iyayen da ke ɗari-ɗari da darasin zane saboda maganar addini a kan surar abu mai rai. Damuwarsu abin girmamawa ce, hukuncin kuwa na malamai ne, ba na ɗan jarida ba. Amma ko an ajiye zanen mutum da dabba gefe guda, abin da ya rage ya ishi yaro shekara shida bai ƙare ba. Ga zayyana, ga dagi da sauran adon da magina ke yi a fuskar soraye a Zariya da Kano da Damagaram, ga aska takwas a gaban babbar riga, ga ɗinkin hula, ga sassaƙar ƙwarya, ga saƙar faifai da tabarma, ga dukanci, ga rini irin na marinar Ƙofar Mata. Kakanninmu Musulmi ne suka yi waɗannan duka, kuma yara suka koya wa.

Masu tambayar ina amfanin yaro ya ɓata rigarsa da yumɓu a zamanin kwamfuta, ga labarin marigayi Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a Jihar Jigawa. Gidan magina tukwane ya fito, tun yana yaro ya san yumɓu. Da ya yi karatun boko ya fahimci dalilin sanyin randa, sai ya haɗa biyun. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Gauta da tumatir da alayyafo da ke lalacewa cikin 'yan kwanaki sai ga shi suna daɗewa, a ƙauyen da ba lantarki balle firiji. Manomi ya daina sayar da kayansa a wulaƙance don tsoron ruɓewa, yarinyar da a ke tura wa talla kullum ta samu sararin zuwa makaranta. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabonsa ta duniya a kan wannan aiki. A lura, tsattsafon nan da tanderu ya toshe a tulun Ladi shi ne jarin Bah Abba. Yara dubu nawa ne suka haddace darasin yadda ruwa ke zama tururi suka ci jarrabawa? Wanda hannunsa ya san tukunya shi ya ga abin da za a yi da darasin.

Yanzu bari mu ji ta bakin malami, domin ba daidai ba ne a yanke masa hukunci ba ya nan. Zai ce yara sun yi masa yawa a aji, waɗansu a ƙasa su ke zaune. Zai ce albashi ba ya kai shi tsakiyar wata. Zai ce shi kansa ba a koya masa saƙa ko gini a kwalejin horon malamai ba, kuma ba a ba shi ko kwalin alli mai launi ba, balle fenti da takarda. Duk gaskiya ne. Laifin gwamnatoci a nan babba ne, kuma tsoho ne. Sa'ad da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an yi alkawarin kowane yaro zai fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. Aka sayo injuna daga ƙasashen Turai aka rarraba, da yawansu suka ruɓe cikin akwatunansu, don ba ɗakin da za a kafa su, ba wuta, ba wanda ya iya tayar da su. Tun daga nan muka ɗauka cewa koyar da aikin hannu sai da inji da kwangila, in babu kuwa sai a karɓi tsintsiya.

Amma gwaggon Ladi ba ta da inji. Yumɓu kyauta ne a bakin rafi da kududdufi. Kaba, da karan dawa, da gamba, da ƙwarya, da tsummokaran tela, ba wanda zai ce sun fi ƙarfin makaranta. In malami bai iya ba, ba abin kunya ba ne, a kowace unguwa akwai wanda ya iya. Me zai hana hedimasta da ƙungiyar iyaye da malamai su je su gai da maginiyar garin, ko masaƙin tabarma, ko baduku, ko mai ɗinkin hula, su roƙe shi ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako, a ba shi ɗan abin goro daga cikin kuɗin nan da a ke karɓa da sunan aikin hannu? Yaro ya ga an shimfiɗa wa tsohuwar da ya saba wucewa a kasuwa tabarma a gaban aji, malam mai takardar NCE yana ce mata Inna yana tambayarta, wannan kaɗai darasi ne. In Jami'ar Ahmadu Bello ba ta ji kunyar sa wa Ladi Kwali rigar dakta ba, ban ga abin da zai sa makarantar firamare ta ji kunyar maginiyar unguwarta ba.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: a yi aikin a makaranta, a gaban malam, daga farko har ƙarshe. Maficin da yaro ya saƙa ya fito a karkace, baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo, shi za a ba maki, a nuna masa inda ya saki kaba, a ce ya sake wani. Kada a ba da maki don kyau kaɗai, domin a aji na mutum 60 wataƙila biyu ko uku ne za su zama gwanaye, sauran za su zama direbobi da likitoci da 'yan kasuwa da matan aure. A duba wanda ya gama abin da ya fara, da wanda tukunyarsa ta fashe ya koma ya kwaɓa sabon yumɓu ba tare da an kore shi da bulala ba. Iyaye kuma, in yaro ya zo da kukan kuɗin aikin hannu, a tambaye shi me aka koya masa ya yi a wannan zango. In ya ce ba kome, to, maganar ba ta kasuwa ba ce, ta ofishin hedimasta ce, kuma a tafi da ita taron iyaye da malamai na gaba.

Sufetocin makarantu da sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi su ma suna da abin yi wanda ba ya cin ko kwabo. In sun je rangadi, bayan sun duba rajista da littafin shirin darasi, su ce a kawo musu aikin hannun 'yan aji huɗu, su ɗauki mafici ɗaya su kira mai shi, su miƙa masa kaba su ce ya fara wani a gabansu.

Filin nan a buɗe ya ke ga malaman firamare da ke da abin cewa, musamman waɗanda har yanzu su ke koyar da aikin hannu na gaskiya a makarantunsu. A rubuto mana yadda a ke yi da irin kayan da a ke amfani da su, za mu buga.